Ba a Katse Mai Wuridi

Ina rubuta wannan ne domin masu jinyar mai hawan jini, musamman matan ƙauye irina, waɗanda likita, wato asibiti, ta yi musu nisa, 'yan dubiya kuma suka yi musu kusa. Sunana Cima. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a karkarar Dogo-Dogo, kuma wanda na yi jinya, nake kan yi har yau, maigidana ne. Malam nake ce masa, haka ma kusan kowa.

Malam ba mai gari ba ne, ba liman ba ne, manomi ne kamar kowa. Sai dai mahaifiyarsa Bafulatana ce, yana jin Fulatanci, kuma Allah ya ba shi ido. In shanu suka shiga gona, zagaye ɗaya zai yi ya faɗi damin gero nawa aka ɓata, mai gona ya yarda, mai shanu ya yarda. Saboda haka duk kaka, daga nunar gero har a saki gonaki, zaurenmu ba ya rabuwa da mutum biyu masu hararar juna. Ko dala ba a biyansa. Rabonsa goro da shayi mai ɗaci da ihun mutane a kunne, ni kuma rabona wankin kofuna.

Ciwon kan ya fara da damina. Da safe yake tashi da shi, a ƙeya, ya ce kamar an ɗora masa turmi. Sai ya ɗaure rawani tamau ya tafi gona. Daga baya kunnensa ya soma ƙara, in ya sunkuya ya ɗago sai ya ga duhu-duhu. Ya sha ƙwayoyin masu tebur na kasuwa, ja da fari, ciwon ya lafa da hantsi ya dawo da asuba. Yayansa, Yaya Lawali, ya ce jini ne ya yi masa yawa, ya kawo wanzami aka kafa masa ƙaho a ƙeya. Wata gwaggonsa ta aiko da zoɓo ta ce a sha ba sukari, maƙwabta suka ce tafarnuwa, aka karɓo rubutu. Ban raina ko ɗaya ba, duk da ƙauna aka kawo su, kuma duk ya sha. Kan dai yana nan yadda yake.

Ana cikin roron wake aka shigo da shi daga gona, haɓo ya ɓata masa gaban riga. Ranar na ajiye kunya na buga wa ɗanmu Sanusi waya, wanda yake kabu-kabu a Dungas, na ce in bai zo ya ɗauki ubansa ba ni zan goya shi. Washegari muka tafi mu uku a kan moto, wato babur ɗinsa. Ranar kasuwa ce, likita cike, mata da jarirai har bakin ƙofa. Muka zauna a layi tun hantsi, Malam yana ta cewa mu koma gida, akwai mutanen da ya bari suna jiransa.

Majo, wato babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya ɗaura masa abin awo a hannu. Ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa a ɗayan hannun. Sannan ya ce tansiyon ɗin Malam, wato awon hawan jininsa, ya haura sha tara, kuma mutum yana iya faɗuwa da ƙasa da haka. Ya tambayi gishiri, ya tambayi shayi da goro, ya tambayi barci. Malam yana cewa kaɗan-kaɗan, ni ina bayansa ina girgiza kai. Da ya tambaya ko yana yawan ɓacin rai, sai na kasa yin shiru, na ce ɓacin ran gari guda ake kawo masa har gida.

Ya rubuta ƙwaya, ɗaya kowace safiya. Sannan ya jawo kujera ya koya masa wani abu da ban taɓa jin an koya wa mutum ba, wai yadda ake numfashi. Ya ce ya zauna ya jingina da bango, ya sassauta rawani, ya saki kafaɗu. Ya ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, ya sake ta ta baki a hankali fiye da yadda ya ja. Yana yi yana sakin jikinsa gaɓa-gaɓa, daga yatsun ƙafa har muƙamuƙi. Safe da yamma, wuri shiru, kada kowa ya yi masa magana. Da za mu fita ya dube ni, ba Malam ba, ya ce:

"Uwargida, ki riƙe wannan. Ƙwayar ita ce magani, numfashin abokin tafiyarta ne. Ranar da kai ya daina ciwo kada ku ce an warke. Tansiyon ba ya sallama."

Na riƙe. Kuɗin ƙwayar ya cinye waken da na ɓoye don hidimar sallah, ban ji zafinsa ba.

Wurin shirun ne ya gagara. Kafin mu sauka daga moto labari ya riga mu isa, wai Malam jininsa ya hau. A wajenmu barin mara lafiya shi kaɗai abin kunya ne, rashin zuwa dubiya kuma abin gaba ne. Makon farko gidanmu ya koma kamar gidan suna. Mutum zai shigo ya yi sannu, ya yi addu'a, ya miƙe kamar zai tafi, sai ya ce af, tunda ma ya zo, akwai 'yar maganar akuyoyin wane. Ina tsaye ina kallon jijiyar goshin Malam tana tasowa. Da na gwada tare mutane a bakin zaure na ce yana hutawa, Yaya Lawali ya kira ni gefe. Ya ce, "Cima, ba a rufe wa mai dubiya ƙofa a gidan ubanmu. Kada ki fara." Gidan ubansu ne.

Numfashin ma sai ya zama abin magana. Wata tsohuwa ta faɗo ɗaki ba zato, ta tarar da Malam ido rufe yana busa iska ta baki, ta fita da salati tana cewa rai ya zo fita. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika, har da masu kuka. Daga ranar Malam ya ce shi ya bar wannan abu, ba zai zauna yana huci kamar sa a gaban mutane ba. Da muka koma awo, tansiyon ya ɗan sauka amma bai sauka inda ake so ba, kan kuma yana nan. Majo ya tambaya ko ana yin abin da ya ce, na sunkuyar da kai. A gida na rage gishiri, na daina sa kanwa da dunƙulen miya, Malam yana cin tuwo yana cewa na koma dafa masa ruwan zafi. Abin da ke hannuna na yi, abin da ya rage yana hannun mutane. Akwai ranar da na je rijiya na tsaya da guga a hannu ina kuka, don na ga ƙiri-ƙiri ana kashe mini miji da sannu da jiki.

Dabarar ta zo mini ne wata la'asar. Malam ya idar da salla yana kan buzu yana jan carbi, sai ga wasu mutum biyu da rigimarsu, tun daga waje ana jin muryarsu. Suna leƙowa suka gan shi ya fuskanci gabas, sai suka yi tsit, suka koma zaure a kan yatsun ƙafa. Mutanen da bakina bai iya tsayar da su ba, carbi ya tsayar da su. A wajenmu ba a katse mai wuridi, ko mai gari ne ya zo sai ya jira.

Na faɗa wa Malam. Ya ce shi ba ya wasa da sunan Allah don ya ɓuya wa mutane. Na ce ai ba ɓuya ba ce, wuridin zai yi na gaske, numfashin ne kawai zai haɗa. Bai yarda ba sai da ya tambayi liman, liman ya ce ambaton Allah a natse ai shi ne ake so. Shi ke nan. Da hantsi da kuma bayan la'asar sai in shimfiɗa masa buzu a ɗakin da ke kusa da zaure, inda bango ya ba shi damar jingina yana kallon gabas. Ya ja iska, ya sake ta da istigfari guda, ya tura ƙwayar carbi guda. Ni kuma na samu kalma biyu da suka fi kowace ƙofa ƙarfi: yana wuridi. Har Yaya Lawali, in na faɗa masa, sai ya gyaɗa kai ya nemi wuri ya zauna.

Ba zan ɓoye alherin abin ba, don ya yi aiki. Cikin makonni kaɗan Malam ya soma barci, ya daina ɗaure rawani kamar mai shirin dambe. In ciwon ya taso masa da rana sai ya shiga ya zauna, ya fito fuska a sake. Wasu masu rigimar ma, kafin ya idar, zaman jira ya huce musu zuciya sun shirya da kansu. Da muka koma awo majo ya yi murna, ya ce tansiyon ya sauko sosai, a ci gaba da duka biyun, ya kuma maimaita maganarsa ta farko. A hanyar dawowa Malam har tsokanata yake yi, yana ce mini 'yar Yekuwa mai dabara, don can ne garinmu. Ban taɓa jin daɗin hanyar nan mai yashi kamar ranar ba.

Daga nan kuma abin ya juya. Yaya Lawali ya shiga ba da labari a kasuwa da masallaci cewa wuridi ya warkar da ƙanensa, abin da likita ta kasa. Mutane suna zuwa tambayar wane wuridi ne. Wata safiya na miƙa wa Malam ƙwaya da ruwa, ya mayar mini. Ya ce kansa garau, ba ya shan magani ba ciwo, a adana sauran sai ranar da kan ya motsa. Na tuna masa maganar majo. Ya ce majo awo ya sani, shi kuwa jikinsa ya sani.

Babu abin da ban yi ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. Na daka ƙwayar na zuba a fura, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye ludayi ya ce, "'Yar Yekuwa, dabarar taki har ni?" Na kira Sanusi, ya baro aikinsa ya zo, ubansa ya tambaye shi ko shi ya haife shi. Na je wajen Yaya Lawali na durƙusa, ya ce in ji tsoron Allah, mutum ya samu lafiya da ambaton Ubangiji ina neman in mayar da shi mara lafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, kwanaki suna wucewa Malam yana nan lafiya lau, kowace safiya kamar shaida ce a kaina. Ranar awo ta zo ya ce girbi bai ƙare ba. Ina kallonsa yana tafiya gona, ba ni da wanda zan faɗa wa ya saurare ni.

Gab da sakin gonaki aka yi babbar ɓarna. Garken wani makiyayi da muke kira Arɗo ya kwana a gonar waken Ɗan Ladi, maƙwabcinmu, har an ɗaga sanduna. Malam ya wuni a rana tsakaninsu, yana yi da Hausa yana yi da Fulatanci, ya dawo muryarsa a dishe, aka bar maganar sai gobe. Da safe ya ce ƙeyarsa ta ɗan yi nauyi. Na ruga na kawo ƙwayar, ya ce in bari ya fara zama tukuna, in bai sauka ba sai ya sha. Na shimfiɗa masa buzu, na ajiye ƙwayar da kofin ruwa a gefensa.

Ba a jima ba Arɗo da Ɗan Ladi suka yi sallama. Na ce yana wuridi. Suka zauna a zaure, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, ni kuma na koma bayan gida inda muke sussuka. Can na zo ɗaukar faifai na leƙa. Yana jingine da bango, kai a sunkuye, carbi a hannu. Wallahi daɗi na ji, na ce yau ya samu natsuwa mai tsawo, na ma ja labulen don kada haske ya dame shi. Yaya Lawali ya zo, ya leƙa, ya koma zaure. Daga baya Arɗo ya ce ya ji wata 'yar murya daga ɗakin, kamar mai gurnani, ya ɗauka ambato ne ya yi nisa. Mutum uku a zaure, taku kaɗan tsakaninsu da shi, ni ta huɗu a bayan gida, kowa yana kiyaye ladabi.

Sai da aka kira azahar. Malam bai taɓa jin kiran salla ya zauna ba. Na ɗaga labule na ce, "Malam, an kira." Bai motsa ba. Na matsa na durƙusa na leƙa fuskarsa. Bakinsa ya karkace, miyau ya jiƙa gaban rigarsa, hannun dama ya saki, carbin rataye kawai yake a yatsunsa. Ƙwayar tana nan inda na ajiye ta. Idonsa biyu, yana kallona, kuma na gane tun ɗazu ƙofar yake kallo.

A amalanken shanun Arɗo aka fitar da shi zuwa hanyar mota, Ɗan Ladi yana riƙe da kansa a cinya. Daga Dungas aka tura mu gaba, babbar likita. Lokotoro, wato dokta, yana dubawa ya tambaye mu abu ɗaya: tun yaushe? Na dubi Yaya Lawali, ya dubi ƙasa. Muka ce tsakanin hantsi da azahar. Ya ce a irin wannan ciwo lokacin farko shi ne komai, kuma namu ya riga ya wuce, yanzu sai a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage. Bai yi mana faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Makonnin da muka yi a can ba na son tuna su. Makon farko Malam bai iya haɗiyar ko kunu ba sai ƙarin ruwa. Kowace takarda aka miƙo, farmasi ce, kowace farmasi kuma wata dabba ce ta bar gidanmu, har tumakina suka ƙare. Muna kwana a tabarma a waje, sauro yana ci, ina jin ana kuka a wani ɗaki in ce saura mu. Amma na ga alheri. Wata ma'aikaciya ta koya mini yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda zan miƙe masa yatsu. Arɗo ya sayar da maraƙi ya kawo kuɗin a ƙulle, ya ƙi ko zama. Ɗan Ladi ya girbe mana sauran dawa. Yaya Lawali bai koma gida ba ko sau ɗaya, shi yake ɗaga ƙanensa, shi yake wanke shi. Na so in riƙe shi a zuciya, na ga yadda yake fita bayan ɗaki yana share ido da hular kansa, sai na kasa.

Yanzu muna gida. Malam yana takawa da sanda, yana jan ƙafa. Magana kuwa kalma ɗaya, biyu, sauran sai ido. Mutumin da ke raba faɗa da harshe biyu, yau sunana ma da ƙyar yake haɗawa. Kaka ta sake zagayowa, ina jin ana rigimar ɓarna a wasu zaurukan, namu fayau. Shirun da majo ya ce a nemo masa ya samu, har ya yi yawa. Wani lokaci in na tuna yadda na yi ta neman shirun nan sai in ji kamar in fita in roƙi mutum biyu su zo su yi faɗa a ƙofarmu.

Ga abin da nake roƙon duk mai karanta wannan. Numfashin nan gaskiya ne, yana sauke ciwon kai, yana kawo barci, kuma majo ya ce mu ci gaba, muna kan yi. Amma kada daɗinsa ya sa a ajiye ƙwaya, kada lafawar kai ta sa a fasa zuwa awo. In mai hawan jini ya ce ƙeyarsa ta yi nauyi, kada a bar shi a bayan labule shi kaɗai, ko me yake yi. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a nemi mota a lokacin, ba a jira a ga yadda hali zai yi ba.

Kowace safiya a tafin hannuna yake shan ƙwayarsa, sai na ga ya haɗiye. Sannan in shimfiɗa buzun, in sa masa carbi a hannun hagu, in zauna a gefensa in ɗora hannuna a gwiwarsa. Ba labule. Yana ja yana saki, in ya ɗan yi nisa sai in ce, "Malam," shi kuma ya ajiye carbin ya matsa hannuna. Daga nan ya ci gaba.

Shekaranjiya Yaya Lawali ya shigo ya tarar ina yi. Ya buɗe baki ya ce, "Cima, ai ba a katse..." sai ya tsaya. Sannan ya cire takalmi ya zauna a ɗaya gefen, ya bari ƙanensa ya ja ƙwayar carbi kaɗan, ya kira shi da sunansa na yanka, wanda ni bakina bai taɓa kamawa ba. Malam ya ajiye carbin, ya lalubo hannun yayansa ya matsa.